Dokar cire maki a Firimiyar Najeriya, da rabon da ya faɗo kan mu magoya baya na Legas

A watan Oktoba na 2025 hukumar gasar Firimiyar Najeriya, NPFL, ta cire wa Kano Pillars maki 3 da ƙwallaye 3 daga abin da ta tara, ta ci ta tarar naira miliyan 9.5, ta kuma hana ta buga wasannin gida a filin Sani Abacha, har sai da ta koma Katsina da karɓar baƙi. Dalili shi ne abin da ya biyo bayan wasanta da Shooting Stars ta Ibadan: baƙi suka farke ƙwallo ana dab da tashi, aka tashi 1-1, wasu 'yan kallo suka kutsa fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Daga gidajen kallo na Agege zuwa majalisun dare na Idi-Araba da Alaba Rago, tambaya ɗaya aka yi ta maimaitawa. Yaran da suka sha gudu na minti 90 ba su doki kowa ba, to da wane dalili za a ƙwace musu gumi saboda laifin wasu?

Tambaya ce mai nauyi, kuma tana da amsa a doka. Amma sai an fara sanin darajar maki uku kafin a gane zafin rasa su.

Ƙungiyoyi 20 ne ke buga gasar. Kowace tana karawa da kowace sau biyu, gida da waje, wato wasa 38 a kaka. Nasara maki 3, canjaras maki 1, wanda aka doke ya tashi hannu rabbana. In ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki a maki, sai a duba ƙwallayen da kowa ya ci, a debe waɗanda aka zura masa, mai rarar da ta fi yawa ya hau sama. A nan ne ma'anar cire ƙwallaye 3 take. Mutane da yawa sun ɗauka ƙari ne kawai na ado a kan hukuncin, alhali a ranar ƙarshe ta kaka rarar ƙwallo ɗaya tak tana iya raba wanda zai tsira da wanda zai faɗi.

A saman teburi, na ɗaya da na biyu su ke wakiltar Najeriya a gasar Zakarun Afirka ta CAF, na uku kuma ya tafi Confederation Cup tare da wanda ya ɗauki kofin ƙalubale. A kakar 2024/25 Remo Stars ta Ikenne ce ta zama zakara karon farko a tarihinta, Rivers United ta biyu, Abia Warriors ta uku, Ikorodu City ta nan Legas ta ƙare ta huɗu a kakarta ta farko. A ƙasan teburi kuwa ƙungiyoyi huɗu ke faɗawa NNL, gasar 'yan dagaji, wasu huɗu su hauro. Huɗu cikin ashirin ba wasa ba ne. A Ingila uku ne ke faɗuwa. Mutanen Legas sun san ɗacin abin. MFM da ke wasa a Agege a lokacin ta faɗi a 2022, Sporting Lagos ta hau a 2023 ta sauko a 2024. Ga shi kuma a gasarmu cin wasa a waje abu ne mai wuya ƙwarai, kusan kowa da gidansa ya dogara. Saboda haka kulob ɗin da aka cire wa maki uku, aka kuma raba shi da filinsa, an taɓa shi ta wuri biyu da suka fi ciwo.

Yanzu ga ainihin dokar. A tsarin ladabtarwa na ƙwallon ƙafa, tun daga FIFA zuwa CAF zuwa NFF, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, kulob ne ke ɗaukar alhakin abin da magoya bayansa suka aikata, ko da shugabanninsa ba su sa kowa ba, ko da ba su ji ba su gani ba. Ba a buƙatar a tabbatar da cewa kulob ya yi sakaci kafin a hukunta shi kan halin mabiyansa. Ya isa a tabbatar da cewa abin ya faru, kuma mutanensa ne suka yi. Duk wanda ya yi zaman kasuwar Mile 12 ya san wannan tsarin: in yaron shago ya ɓata kayan wani, maigidansa ake nema, shi ya san yadda zai yi da yaronsa daga baya.

Me ya sa aka gina dokar haka? Hukumar gasa ba 'yan sanda ba ce, ba kotu ba ce. Ba ta da ikon kama mutum ko tsare shi. Waɗanda suka sa hannu suka amince da ƙa'idojinta kafin a fara kaka su ne ƙungiyoyi, su kaɗai hannunta ke kaiwa gare su. Da za a ce sai an gano wanda ya yi jifa cikin dubban mutane kafin a yi hukunci, da ba a taɓa hukunta kowa ba, da kuma kowane kulob ya gane cewa tsorata alƙali hanya ce mai arha ta samun maki. Na biyu, kulob mai masaukin baƙi shi ke da fili a ranar wasa. Shi ke sayar da tikiti, shi ke da alhakin kawo isassun jami'an tsaro, da tsare ƙofofi, da hana wanda ba shi da izini shiga inda 'yan wasa da alƙalai suke, da tabbatar da cewa baƙi sun shigo lafiya sun fita lafiya. Shi ya sa takardar hukunci kan jero laifuka daban-daban, kowane da tararsa: gazawa wajen samar da tsaro, jifa, kutse cikin fili, taɓa alƙalan wasa, zubar da mutuncin gasa. Jimillarsu ce ke kai miliyoyin da muke ji a labarai.

Hukuncin hawa-hawa ne. Mafi sauƙi tara. Sama da ita akwai buga wasa ba 'yan kallo, sannan mayar da wasannin gida wani gari, sannan cire maki. Wani lokaci akan yanke cire makin a jingine shi, a ce in an sake kafin kaka ta ƙare zai hau. Inda abin yake tsananta shi ne in hannu ya kai jikin alƙalin wasa ko ɗan wasan baƙi, ko kuma kulob ya saba maimaitawa. A nan ne tarihin Pillars ke yi mata nauyi, kuma mai ƙaunarta ba zai ɓoye wannan ba. A watan Afrilu na 2022, bayan rikicin wasa da Katsina United a Kano inda aka farfasa motar baƙi, an cire mata maki 3. A ƙarshen wannan kakar kulob ɗin da ya ɗauki kofi a 2008, 2012, 2013 da 2014 ya faɗa gasar 'yan dagaji, sai a 2023 ya dawo.

Ba a yanke hukuncin da ka. Kowane wasa yana da kwamishinan wasa da ke rubuta rahoto, alƙali ma yana rubuta nasa, ga kuma bidiyo. Da waɗannan hukumar ke aika wa kulob takardar tuhuma da hukuncin da ta yanke, kuma yawanci ana ba shi awa 48 ya amsa a rubuce: ko ya karɓa, ko ya zaɓi a kai maganar gaban kwamitin ladabtarwa ya kare kansa. In bai gamsu ba akwai kwamitin ɗaukaka ƙara na NFF, daga can kuma sai kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne a Switzerland. Zuwa kotun gwamnati kan irin wannan rikici dokokin FIFA sun hana. Don haka in ka ji ana cewa "a kai su kotu", wannan ce hanyar, kuma shugabannin kulob ne ke da hurumin binta, ba magoya baya ba.

Sai maganar da ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya, wato alƙalanci. Za ka ji dattijo a majalisa yana cewa, "Malam, ai alƙalin ne ya jawo, ya ƙara lokacin da ba shi da dalili." Ban ce alƙalanmu ba sa kuskure ba, kuma ban ce duk kuskuren na rashin sani ne ba. Duk wanda ya daɗe yana bin gasar nan ya ga hukuncin da ya sa shi riƙe baki. Amma doka ta 5 cikin dokokin wasa ta ce hukuncin alƙali kan abin da ya faru a fili, har da shigar ƙwallo da sakamakon wasa, shi ne na ƙarshe. Lokacin da ake ɗagawa a allo ma, doka ta 7 ta ce mafi ƙaranci ne: alƙali na iya ƙarawa a kai, ba ya iya ragewa. Kulob na da damar rubuta ƙorafi, kuma NFF takan dakatar da alƙalin da aka samu da laifi, sai dai wannan ba ya sauya sakamakon. Laifin alƙali da laifin 'yan kallo fayil biyu ne daban, ɗaya ba ya wanke ɗaya. Kulob ɗin da aka zalunta da busa ya rasa maki biyu. In mabiyansa suka rama da hannu, sai ya ƙara rasa uku a kai, kuma ƙorafinsa na gaskiya ya nutse a cikin hayaniyar.

Akwai wasu hanyoyin rasa maki da ba ruwansu da 'yan kallo. Kulob ɗin da ya ƙi zuwa wasa ba da uzuri ba, ko ya sa ɗan wasan da bai cancanta ba, kamar wanda ke ƙarƙashin dakatarwa, akan ba abokin karawarsa wasan da maki 3 da ƙwallaye 3. Masu bin ƙwallon Ingila kuma sun tuna Everton da aka cire wa maki 10 a Nuwamba 2023, aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara. Wannan kan dokar kashe kuɗi ne, amma ya nuna cewa ba a Najeriya aka ƙirƙiro taɓa teburi daga ofis ba.

To mu da ke Legas fa, ina namu a ciki? Da yawanmu muna ɗaukar wannan doka ta mutanen Kano ce da Katsina da Maiduguri, mu namu kallo a waya da muhawara. Ba haka ba ne. Alhakin tsaro na mai gida ne, amma alhakin halin magoya baya yana bin kulob duk inda ya je. A watan Yuni na 2019 an buga wasannin ƙarshe na fitar da zakaran gasar tsakanin ƙungiyoyi shida a filin Agege, wanda Enyimba ta ɗauki kofin, Pillars ta zo ta biyu. Filin ba na Pillars ba ne, ba ita ta shirya tsaro ba. Duk da haka, da aka yi kutse bayan wasanta da Enugu Rangers, ita aka ci tara, aka kuma dakatar da kyaftin ɗinta. Wannan a unguwarmu ya faru, ba a Sabon Gari ba.

Ikorodu City tana karɓar baƙi a filin Mobolaji Johnson da ke Onikan, kuma duk kakar da take cikin gasar, ƙungiyoyin Arewa za su zo nan ɗaya bayan ɗaya. Ba kowa ke iya baro Kano ko Bauci ya kwana a mota don wasa ɗaya ba. Waɗanda ke cika ɓangaren baƙi mu ne: 'yan kasuwa, masu canji, direbobi, ɗalibai, yaran da aka haifa a Agege da ba su taɓa ganin filin Sani Abacha ba amma suna kiran "Sai Masu Gida" da dukkan zuciyarsu. Rahoton kwamishinan wasa ba zai tambayi inda kake kwana ba. Rigar da ke jikinka da inda ka zauna su ne shaida. Robar ruwa ɗaya da wani matashi ya wurga daga wannan ɓangaren, a kan kulob ɗin da ya zo marawa baya za a rubuta ta. Shi ya sa nake ganin shugabannin ƙungiyoyin magoya baya na unguwanninmu, da dattawan da ake jin maganarsu, suna da aiki ranar wasa fiye da haɗa mota da ganguna. Su zauna cikin yara, su san fuskokinsu, su riƙe hannun wanda ya fara zafi tun kafin ya miƙe.

Ina goyon bayan dokar, amma akwai wuri biyu da ƙorafin magoya baya yake da gaskiya, kuma bai kamata a share shi ba. Na farko, hukunci ya zama da sikeli ɗaya. In laifi iri ɗaya ya jawo wa wannan cire maki, wancan kuma tara kawai, to wajibi ne hukumar ta fito ta bayyana bambancin a fili, da rahoton da ta dogara da shi. Rashin yin haka ne ke haifar da zargin ɓangaranci, kuma zargin nan yana ƙara rura wutar da ake son kashewa. Na biyu, hukunta kulob bai kamata ya zama ƙarshen magana ba. Wanda ya doki alƙali ya aikata laifin da dokar ƙasa ta tanadi hukuncinsa, ba dokar ƙwallo kaɗai ba. Takardun hukunci sukan umarci kulob ya zaƙulo masu laifin a gurfanar da su, kuma yanzu da kusan kowane wasa ake ɗauka a bidiyo, fuskokinsu ba ɓoyayyu ba ne. Muddin mai laifin yana komawa gida ya yi barcinsa, ɗan wasan da albashinsa da makomarsa suka rataya a kan teburi shi ne zai ci gaba da biyan bashin, tare da mai sayar da ruwa da mai gasa tsire a bakin filin da aka rufe.