Taƙaddamar masu fafutukar haƙƙin mata kan wasan iko da zafi a saduwa

Wannan taƙaddama ta raba kan masu fafutukar haƙƙin mata a Amurka daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980, daga baya ta tsallaka Birtaniya. Abin da aka yi ta a kansa shi ne saduwar da baligai biyu suka amince ɗaya ya riƙe iko ɗaya ya miƙa wuya, har da ɗauri ko duka ko ƙasƙantarwa, wato abin da ake kira sadomasokizim. Tambayar da ta hana su jituwa ita ce ko yardar mace ta isa ta wanke irin wannan aiki, a duniyar da maza ke riƙe da dukiya da mulki da doka.

Mafari

A San Francisco aka fara. Wajejen 1976 zuwa 1977 wasu mata suka kafa ƙungiyar Women Against Violence in Pornography and Media don yaƙar hotuna da finafinan da ke nuna cin zarafin mata a matsayin abin sha'awa. A 1978 kuma wasu 'yan maɗigo masu yin wasan iko, waɗanda su ma suke ɗaukar kansu masu fafutukar haƙƙin mata, suka kafa Samois. Cikinsu akwai Gayle Rubin, masaniyar halayyar al'ummomi, da Pat Califia. Rikicin da ya ɓarke tsakanin ƙungiyoyin biyu ya yi zafi ne saboda babu namiji a cikin wasan. Idan mace da mace ne, wane ne mai danniya? Samois ta fitar da littafin Coming to Power a 1981, ta watse a 1983.

Hujjojin ɓangarorin

Masu adawa sun tattara hujjarsu a littafin Against Sadomasochism na 1982. A ganinsu ba a haihuwar mutum da sha'awa a shirye, tarbiyya da al'ada ne ke gina ta. Macen da ta taso tana ganin ana yaba wa mai haƙuri da biyayya, idan ta ji daɗin miƙa wuya, darasin da aka koya mata ne take maimaitawa, ko da abokiyar tarayyarta mace ce. Audre Lorde, marubuciya baƙar fata, a hirar da aka yi da ita cikin littafin, ta ƙi yarda cewa abin da ke faruwa a ɗaki ba ya bin mutum zuwa waje. Alice Walker, ita ma marubuciya baƙar fata, ta ɗago wani batu da ya fi wuyar amsawa: amfani da sarƙa da sunayen uwargida da baiwa a ƙasar da aka bautar da baƙar fata na ɗaruruwan shekaru. Har yau masu kare wasan ba su ba wannan suka amsar da ta gamsar ba.

Su kuwa masu karewa cewa suka yi danniya ta gaskiya ba ta neman izini kuma ba ta tsayawa idan an ce ta tsaya. A wasan nasu ana shimfiɗa sharuɗɗa tun kafin a fara, akwai kalmar da idan aka furta komai ya ƙare, kuma mai miƙa wuya ita ke shata iyaka. Sun ƙara da cewa gaya wa baligar mace ba ta san abin da take so ba, shi ne ainihin abin da fafutukar ta tashi don ta kawar. Wannan magana tana da nauyi.

A 1980 babbar ƙungiyar mata ta Amurka, National Organization for Women, ta yanke cewa sadomasokizim batu ne na cin zarafi, ba ya cikin haƙƙoƙin da take karewa. Ta janye matsayin a 1999.

Taron Barnard

Ranar 24 ga Afrilu 1982 aka yi taron masana kan jima'i a kwalejin Barnard da ke New York, ƙarƙashin jagorancin Carole Vance. Kafin ranar, masu adawa sun yi ta kiran hukumomin kwalejin, har aka ƙwace kwafi kimanin 1,500 na ɗan littafin taron. 'Yan ƙungiyar Women Against Pornography sun tsaya a ƙofa suna raba takardu masu ɗauke da sunayen wasu mahalarta tare da zarge-zarge kan rayuwarsu ta sirri. Maƙalun da aka gabatar a taron sun fito a littafi a 1984, ciki har da maƙalar Rubin wadda ta ce ba komai na jima'i ba ne za a iya fassarawa da danniyar maza kan mata. Yawancin masu tarihi suna ɗaukar wannan taro a matsayin inda ɓarakar ta fito fili.

Doka a Birtaniya

A shari'ar R v Brown ta 1993, uku cikin alƙalai biyar na Majalisar Dattawa, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, suka yanke cewa yarda ba ta zama kariya ga wanda ya ji wa wani rauni a irin wannan wasa. Waɗanda aka hukunta maza ne masu neman maza. Daga 2018 ƙungiyar We Can't Consent To This ta fara tattara shari'o'in da mazan da suka kashe mata suka ce wasa ne da aka amince da shi ya wuce gona da iri, alhali matar ba ta raye balle ta ƙaryata. Sashe na 71 na dokar cin zarafi a gida ta 2021, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ya rubuta ƙa'idar 1993 ɗin a cikin doka.

Fannin lafiya

Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya cire sadomasokizim na yardar juna daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa.