Kwari (gidan kibau)

Kwari shi ne gidan da maharbi yake zuba kibansa. A ƙasar Hausa ba a cika ambatonsa shi kaɗai ba, sai dai a ce kwari da baka. Ana rataya shi a kafaɗa ko a goya shi a baya, wasu kuma a ƙugu suke ɗaure shi. Siffarsa tana bin irin kibiyar da za a zuba a ciki, kuma a nan ne kwarin maharban Maradi ya sha bamban da kwarin goyo na zamani da ake ɗinkawa a Amurka da Turai.

Tarihi

Ɗaya daga cikin tsofaffin kwaruruwan da aka sani shi ne na mutumin da aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, wanda ake kira Ötzi. Ana ƙiyasin ya rayu wajen shekara 3300 kafin haihuwar Annabi Isa. Kwarinsa na fata ne, an ƙarfafa gefensa da sanda, da kibau 14 a ciki, biyu ne kawai aka gama haɗawa.

A ƙasar Hausa, kwari kayan yaƙi ne kamar yadda yake kayan farauta. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, ƴan bakan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne suka karya dawakin Gobir. Da Katsina ta faɗi wajen 1807, sarakunanta suka yi arewa, daga baya suka zauna a Maradi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, wajen 1819 a faɗar masana da dama, ko da yake akwai saɓani kan shekarar. A lokacin yankin Gulbin Maradi kurmi ne mai duhu, inda doki ba ya sakewa amma mai baka yana ɓuya ya yi ɓarna. Daga nan Katsinawan Maradi da Gobirawan Tsibiri suka shafe shekaru suna kai hari ƙasashen daular Sakkwato, musamman zamanin sarkin Maradi Ɗan Baskore a tsakiyar ƙarni na 19, dakarun ƙasa masu kwari da baka suna dafa wa barade baya. Har a 1899, lokacin da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar, da kibau masu dafi mutanen Sarauniya Mangu suka tare ta a garinta Lugu, kafin tafiyar ta watse a kusa da Tasawa.

Shugaban maharba a garuruwan Hausa da yawa shi ne Sarkin Baka.

Kwarin gargajiya

Kibiyar Hausa gajeriya ce, ba nauyi, jikinta na kyauro, kanta ƙarfe ne mai kunnuwa da maƙeri ya ƙera, kuma ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi. Saboda haka kwarinta siriri ne, amma yana cin kibau da yawa ba tare da sun lalata juna ba. Ana fafe itace ko gora, baduku ya lulluɓe shi da fata, ya yi masa maratayi da murfi, wani lokaci da tuntaye da layu. Fata kuwa ba ta wuya a Maradi, ƙasar jar akuya wadda fatarta ta yi suna har Turai, kuma da bagaruwa majema suke jeme ta.

Murfin ba ado ba ne. Kan kibiyar yana ɗauke da dafi, galibi na kwankwani, wanda yake tsayar da zuciya. Idan ruwa ya shiga dafin zai wanke, idan kuma aka bar bakin kwari a buɗe, yaro na iya cusa hannu. Shi ya sa ake rataye shi can sama a cikin ɗaki.

Kwarin goyo na zamani

Wannan kwari ne da aka haɗa da jakar baya mai maratayi biyu, wani har da ɗamarar ƙugu, da aljihunan ruwa, wuƙa da tsirkiyar canji. Ya samo asali daga koke-koken da maharban Amurka suka daɗe suna yi kan kwarin baya mai buɗaɗɗen baki: kibau suna ƙara, suna zubewa idan an sunkuya, kuma ɗaga hannu bisa kafaɗa don zaro kibiya yana firgita dabba. A shekarun 1940 Fred Bear ya fito da kwarin da ake maƙala wa jikin baka. Glenn St. Charles kuma ya yi na baya wanda ake zaro kibiyarsa ta ƙasa. Wasu na goyo na yau wannan tsari na biyu suka bi.

Wajen zaɓe, tsawo ake fara dubawa, domin kibiyar zamani tana kai inci 28 zuwa 31, ta fi ta gargajiya nesa. Kanta yana da reza biyu ko uku, don haka dole kowace ta sami ramin kanta a cikin soso ko roba, in ba haka ba kaifin ya dakushe ko ya huda jakar ta wajen bayan mai ita. Gashin gindi yana son rufi daga ruwa da ƙaya. Masu saye sukan loda kwarin, su goya, su yi tsalle, su sunkuya, su ji ko akwai ƙara, sannan su ja baka su ga ko maratayi ya tokare kafaɗa. Yawancinsu kibau 4 zuwa 8 suke ɗauka. A zafin bazara irin na Maradi, babbar jakar leda da ta manne da baya tana tara gumi, kuma a dajin ƙaya takan saƙale a inda siririn kwarin fata zai wuce salin alin. Kibiyar kyauro kuma ba ta zama daidai a maƙallan roba da aka auna don kibiyar kamfani.

Halin da ake ciki

Bindiga ta karɓe yawancin aikin baka, namun dawa kuma sun ragu a dazuzzuka irin na Baban Rafi. Dokar farauta ta Nijar ta 29 ga Afrilu 1998 ta gindaya sharaɗin samun izini, ta kuma hana taɓa wasu dabbobi. Yanzu an fi ganin kwari a hawan sallah da tarukan maharba.