Yadda malami zai rubuta wa ƙirƙirarriyar basira umarni: tambayoyi da amsoshi

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake rubuta wa umarni tana ba da amsa, a watan Nuwamba 2022, manhajoji irinsa suka yawaita, su Gemini da Claude da Meta AI. Malamai a Garwa da Marwa da Ngaundere, a arewacin Kamaru, ma sun fara taɓawa a wayoyinsu. Ga tambayoyin da suka fi yawa a bakinsu.

Na ce wa manhajar ta shirya mini darasin lissafi, ta kawo abin da bai dace da ajina ba. Ina matsalar take?

Tana cikin umarnin. Manhajar ta koyi magana ne daga tarin rubuce-rubuce, ba ta taɓa leƙa ajinka ba. Duk abin da ka bari ba ka faɗa ba, za ta cike gurbin da abin da ta fi saba gani. Ka ɗauke ta kamar sabon malamin da aka turo daga nesa yau da safe: yana da karatu, amma bai san yaranka ba, bai san tsarin karatun ƙasar ba. Ga irin abin da ya kamata ka rubuta:

"Ni malamin CM2 (ajin ƙarshe na firamare) ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Yara sun haura 80 a ajina, allo da alli kawai muke da su, kuma suna shirin jarrabawar kammala firamare, wato CEP. Ka rubuta mini tambayoyi 5 na rabawa da Faransanci mai sauƙi. Kuɗin ya zama sefa, misalan kuma daga kasuwa da gonar auduga. Ka fara da mai sauƙi, ka ƙare da mai wuya, ka sa amsoshin a ƙasa mataki-mataki."

Ka lura da maganar allo da alli. In ba ka ambace ta ba, sai ta ce ka raba wa kowane yaro takarda ko ka haska bidiyo, alhali ajin ko lantarki babu.

Da Hausa zan rubuta ko da Faransanci?

Ta fi ƙwari a Faransanci da Turanci, don rubutunsu ya fi yawa a intanet. Tana jin Hausa, amma akwai tarko: mafi yawan Hausar da ta karanta ta Najeriya ce, saboda haka da zarar ka yi mata Hausa sai ta iya ɗauka a Kano kake, ta kawo maka naira da jarrabawar WAEC. Kai kuwa jarrabawar sakandare ta Kamaru, BEPC da Probatoire da Baccalauréat, ne a gabanka. Ambaci ƙasar tun a layin farko. A ganina, ka sa ta rubuta darasin da Faransanci, sannan ka nemi taƙaitaccen bayani da Hausa don yaran da ba su gane ba. In Fulatanci ka nema, ka ba wanda ya iya ya duba kafin ka kai aji, don a nan ta fi tuntuɓe.

Dogon umarni ba ya cin kuɗin intanet?

Rubutu ba ya ci sosai. Hoto da bidiyo ne ke cinye kati.

In amsar farko ba ta yi ba fa?

Kada ka rufe ka sake sabon shafi. Ci gaba da hirar, ka faɗi ainihin abin da bai yi maka ba: "tambaya ta 3 ta fi ƙarfin yara", ko "rage jimlolin". Abin da ya fi komai aiki shi ne ka kwafa mata tambaya ɗaya daga tsohuwar jarrabawa, ka ce ta bi salonta.

Zan iya yarda da abin da ta faɗa a darasin tarihi?

Sai ka duba. Tana harhaɗa kalmomin da suka dace da juna ne, kuma in ta yi kuskure da gaba gaɗi take yinsa. Ɗauki tarihin Kamaru: 'yancin kai 1 ga Janairu 1960, haɗewa da yankin kudu mai Turanci 1 ga Oktoba 1961, ƙuri'ar da ta kawo ƙarshen tarayya 20 ga Mayu 1972. Ranaku uku ne masu saurin cakuɗewa. Dabarar ita ce ka liƙa mata shafin littafin da ake koyarwa da shi, ka ce daga cikinsa kaɗai za ta ciro tambayoyi. Lissafinta ma ka bi shi da alƙalami.

Ɗalibi fa, ba satar amsa kawai zai yi da ita ba?

Zai iya, kuma wasu suna yi. Amma ɗan terminale (ajin ƙarshe na sakandare) mai hankali zai rubuta: "Kada ka ba ni amsa. Yi mini tambaya ɗaya-ɗaya a kan wannan babi, in na yi kuskure ka nuna mini inda na kauce." Malami ya rubuta wannan a allo, yara su kwafa.

Zan iya saka takardun yara ta gyara mini?

Cire sunayensu da lambobinsu tukuna, domin abin da ka tura yana zuwa rumbun kamfanin ne. Ka ba ta ma'aunin da kake bi wajen ba da maki, ta nuna maka kurakuran da suka fi maimaituwa a ajin. Makin kansa, bisa 20, kai za ka sa da hannunka.