Gatse a Cikin Littafi Mai Tsarki: Tambayoyi da Amsoshi

Masu bi da ke sujada da Hausa a Legas, daga Agege zuwa Mile 12 da Obalende, sukan ci karo da ayoyi masu ɗaure kai a wajen nazarin Littafi Mai Tsarki: annabi ya ce wa jama'a su je su yi zunubi, ko manzo ya roƙi gafara a kan abin da ba laifi ba. Da yawa daga cikin ayoyin nan gatse ne. Ga tambayoyin da 'yan'uwa suka fi yi a kansu.

Mene ne gatse, kuma da gaske akwai shi a Littafi Mai Tsarki?

Gatse shi ne mutum ya faɗi magana yana nufin kishiyarta, yana kuma so mai jin sa ya gane haka. Uwa ta ga ɗanta yana wasa da wuƙa ta ce, "Yawwa, ci gaba, ka kyauta." Yaro mai wayo ajiye wuƙar zai yi.

Akwai shi sosai. A Amos 4:4 annabin ya kira mutanen Isra'ila su zo Betel su yi zunubi, su je Gilgal su ƙara a kai. Betel ita ce inda sarki Yerobowam ya kafa maraƙin zinariya. A sura ta gaba, Amos 5:5, annabin nan ya fito fili ya ce kada a nemi Betel, kada a shiga Gilgal. Ka ga ke nan ba umarni ya bayar da farko ba.

Wane labari ne gatsen ya fi fitowa fili?

Na Iliya a Dutsen Karmel, cikin 1 Sarakuna 18. Annabawan Ba'al 450 sun yi ta kiran gunkinsu tun safe har tsakar rana ya aiko da wuta, shiru. Sai Iliya ya ce musu su ƙara ɗaga murya, ai shi allah ne. Wataƙila tunani ya ɗauke masa hankali, ko ya zaga, ko tafiya ta kama shi, ko kuwa barci yake yi sai an tashe shi. Abin tausayi, ba su gane ba. Suka ƙara ihu, suna tsaga jikinsu har jini yana zuba. Wanda ya tsinke aya ta 27 ita kaɗai zai iya cewa Iliya ya yarda Ba'al allah ne, alhali kuwa duk abin da ya kawo shi kan dutsen shi ne ya nuna Ba'al ba kome ba ne.

Ashe wannan ba ƙarya ba ce? Yaya bawan Allah zai faɗi abin da ba ya nufi?

Maƙaryaci so yake a yarda da abin da ya faɗa. Mai gatse kuwa, idan aka ɗauki maganarsa a yadda ta fito, aikinsa ya lalace. Dubi Mikaiya ɗan Imla a 1 Sarakuna 22. Sarki Ahab yana shirin yaƙi a Ramot-gileyad, annabawa wajen 400 sun ce masa ya tafi zai ci nasara. Da aka kawo Mikaiya, sai ya maimaita abin da suka faɗa: tafi, za ka yi nasara. Nan take Ahab ya ce sau nawa zai sa shi ya rantse ya faɗi gaskiya kawai. Sarkin bai ruɗu ba ko kaɗan, ya ji gatsen. Daga nan Mikaiya ya faɗa masa cewa ya ga Isra'ila a warwatse a kan duwatsu kamar tumakin da ba makiyayi. A yaƙin nan Ahab ya mutu.

Allah da kansa ya yi gatse? Yesu fa?

E. A Ayuba 38:21, bayan tambayoyi a kan kafa duniya da mazaunin haske, Ubangiji ya ce wa Ayuba ai lalle ya sani, tun da an riga an haife shi a lokacin. A Markus 7:9 kuma Yesu ya ce wa Farisiyawa sun iya sosai wajen ture umarnin Allah don su riƙe al'adarsu, sannan ya kawo misalin masu hana iyayensu taimako da sunan sun keɓe dukiyar ga Allah.

Tun da rubutu ba shi da murya, ta yaya zan gane aya gatse ce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don a nan ake yin ɓarna. Ka karanta abin da ke gaba da abin da ke baya, ka tambayi kanka ko maganar ta dace da abin da mai ita yake koyarwa a sauran wurare.

Ɗauki 1 Korantiyawa 4:8, inda Bulus ya ce wa ikkilisiyar Koranti sun riga sun ƙoshi, sun riga sun yi arziki, sun zama sarakuna. A gari irin Legas, inda kowa ya baro gida ne don neman na kansa, ba wuya a ɗauki ayar nan a mai da ita alkawarin dukiya. Amma sauka zuwa aya ta 11: Bulus ya ce su manzanni har yanzu suna fama da yunwa da ƙishirwa, ba sutura ta kirki, ana dukansu, ba su da wurin zama, da hannunsu suke aiki. Tsawata wa masu girman kai yake yi. Mai gadin da ke kwana a bakin ƙofar wani, da mai ɗaukar kaya a kasuwar Mile 12, sun cancanci a karanta musu sashen gaba ɗaya, su ji cewa halin da suke ciki ya fi kusa da na manzannin. Haka ma gatse ne a 2 Korantiyawa 12:13, inda Bulus ya ce wa Korantiyawa su gafarta masa "laifin" rashin ɗora musu nauyinsa.

Ga mai karatu a gaban jama'a ranar Lahadi, ina roƙonka, ɗan'uwa, ka karanta sashen a gida tukuna. Yawancin tsofaffinmu da kunne suke karɓar Maganar, muryarka ce za ta nuna musu inda gatsen yake. Amma kada a wuce gona da iri, duk ayar da ta yi wa mutum nauyi ya ce gatse ce. Sai nassin da kansa ya ba da alama.

To, mu ma muna iya yi wa mutane gatse ke nan?

A yi hattara. Mikal, 'yar Saul, ta yi wa mijinta Dawuda gatse a 2 Sama'ila 6:20, ta ce lalle sarki ya girmama kansa yau, don ya yi rawa a gaban akwatin alkawari. Nassin ya riga ya ce ta raina shi a zuciyarta. Bulus kuwa, bayan nasa gatsen, ya ce wa Korantiyawa ba don ya kunyata su ya rubuta ba, sai don ya gargaɗe su kamar 'ya'yansa ƙaunatattu. Labarin Iliya ba izini ba ne na yi wa maƙwabcinka Musulmi ba'a, ko miji ya riƙa yaɓa wa matarsa baƙar magana.

Akwai inda mutum ya faɗi gaskiya ba da saninsa ba?

Akwai, kuma Bisharar Yahaya ta fi kowa nuna shi. Kayafa, babban firist, ya ce wa majalisa gara mutum ɗaya ya mutu saboda jama'a da a ce al'umma duka ta hallaka. Siyasa yake nufi, tsoron Romawa ne a ransa. Yahaya 11:51 ta ce ba da ikon kansa ya faɗa ba, annabci ya yi a kan mutuwar Yesu. A Matiyu 27:42 shugabannin firistoci sun yi ba'a cewa ya ceci waɗansu amma ya kasa ceton kansa, mu kuwa bangaskiyarmu ita ce ƙin saukowarsa daga gicciyen ne ya kawo ceton. Bilatus, gwamnan Romawa, shi ma ya sa an rubuta "Sarkin Yahudawa" a kan gicciyen da Ibrananci da Latin da Helenanci. Da firistocin suka nemi ya gyara rubutun ya koma cewa Yesu ne ya kira kansa haka, ya ƙi, ya ce abin da ya rubuta ya rubuta.