Sifirin ɗin bawul da shim a injin gas da aka ƙara wa ƙarfi: ga amsoshinku

Masu tipa, masu roka da direbobinsu, daga Batagarawa har Mai'aduwa, tambayoyin nan dai su ne kullum a bakin gareji. Na rubuta amsoshin. Wanda ya sake zuwa mini da su, nan zan turo shi.

Sauya sifirin zai ƙara wa motata ƙarfi?

A'a, ko kaɗan. Ƙarfi daga mai da iska yake fitowa. Aikin sifirin shi ne ya mayar da bawul, wato marfin da ke buɗe wa iska ta shiga silinda ko hayaƙi ya fita, mazauninsa, ya riƙe shi a rufe. Shi ke nan.

To me ya sa kake cewa a sauya?

Ban ce kowa ya sauya ba. Mutum uku nake nufi: wanda ya saki gwamnan famfo (abin da ke ƙayyade juyin inji) har injin yana juyawa fiye da yadda kamfani ya ƙayyade, da wanda ya ɗaura turbo babba, da wanda ya sa birkin salansa, wato wanda ke toshe hanyar hayaƙi don rage gudun mota.

In juyin inji ya yi yawa, sifirin mai laushi ba ya iya dawo da bawul a kan lokaci. Shi kuwa injin gas yana matse iska wajen ninki 16 zuwa 18, don haka tsakanin fistan da top silinda kusan babu fili. Bawul ya makara, fistan ya same shi a hanya, sai ku ji an ce inji ya buga. Turbo kuma iskarsa tana tura bawul ɗin shiga ta bayansa. Ku lissafa da kanku: bawul mai faɗin milimita 45, in iskar ta kai bar 2, nauyin da ke tura shi ya ɗan haura kilo 30. Birkin salansa shi ma haka yake yi wa bawul ɗin fitar hayaƙi. Shi ya sa masu Cummins 6BT mai lita 5.9 in za su sa wannan birki sukan cire sifirin ɗin asali su sa wanda zai riƙe matsin psi 60.

Ba a taɓa famfona ba, turbon ma na kamfani ne. In sauya?

Bar motarka yadda take, Alhaji. Kuɗin ka sayi filtar iska mai kyau, ƙurar hunturun Katsina ta fi zama barazana gare ka.

Zan iya sa washar noti a madadin shim?

Kada ka kuskura! Wannan abin yana ɓata mini rai. Shim siririn zoben ƙarfe ne mai tauri da aka yi don a sa shi a ƙarƙashin sifirin. Washar noti laushi gare ta, gindin sifirin zai riƙa cin ta. Ka buɗe murfin sama bayan ɗan lokaci ka gani: zobe ya zauna a jikin washar kamar an zana da ƙusa, baƙin man da ke kwance a gefen yana ƙyalli da garin ƙarfe. Garin nan metal (kwanukan da kiranshaf ke juyawa a ciki) da kamshaf zai tafi. Masu yanka gwangwani su cusa kuwa, ku ji tsoron Allah, dukiyar mutane ce a hannunku.

Oga, an yi mini garandin bawul, na kuma ƙara mai da turbo. Shim nawa zan sa?

Ƙanena, wannan ba ta amsuwa a tsaye, kuma duk wanda ya faɗa maka lamba bai ga top silindarka ba, cacar kuɗinka yake yi. Zauna in yi maka dalla-dalla.

Duk sanda aka yanka mazaunin bawul ko aka goge shi, bawul yakan ƙara nutsewa ciki, jelarsa ta ƙara fitowa sama. Ka ga filin da sifirin yake zaune ya ƙaru, matsinsa ya ragu. Asalin aikin shim ke nan: ya mayar da wannan fili yadda kamfani ya tsara. Saboda haka abu na farko, a ɗora hular sifirin da kota (ƙananan ƙarafan da ke riƙe hular a jelar bawul) ba tare da sifirin ba, a ja bawul sama, a auna daga gindin mazaunin sifirin zuwa ƙarƙashin hular. A yi wa kowane bawul nasa awon, don ba a yanka su daidai wa daida ba. A inji mai silinda 6 da bawul 12, awo 12 za ka rubuta. In ka sami littafin injin, ka gwada da abin da ke ciki. Bambancin shi ne kaurin shim ɗinka. Waɗanda aka fi samu su ne inci 0.015 da 0.030 da 0.060, wato kusan milimita 0.4 da 0.8 da 1.5.

Zuwa nan gyara ne kawai. Amma kai so kake ka ƙara matsi fiye da na kamfani, a nan ne maganar ta zama ta danganta.

Shim yana ƙara matsi, gaskiya ne, amma kaɗan. A misali, sifirin da ke ƙara kilo 4 a kowace milimita, in ka sa masa shim na milimita 1, kilo 4 kawai ka samu. In ƙarin da ka yi wa turbo ɗan kaɗan ne, mai yiwuwa ya wadatar. In kuwa babba ne, ba zai kai ko'ina ba. Kuma akwai iyaka: sifirin yana da inda zobbansa ke haɗuwa ya zama dunƙulen ƙarfe. Ka matse shi a bais har su haɗu, ka auna. Mu ɗauka yana zaune a milimita 50, bawul yana buɗewa 11, saura 39. In zobban suna haɗuwa a 36, rararka 3 ce. Dole a bar aƙalla 1.5, ka ga shim ɗinka ba zai wuce 1.5 ba. Waɗannan lambobin misali ne, naka injin da nasa. Ka wuce iyakar, fushrod ya lanƙwashe ko rokka ta karye tun a tashin farko.

Sai kuma yadda kake aiki da motar. Tipar da ke ɗaukar yashi a cikin gari, ƙasar nan tamu shimfiɗaɗɗiya, ba ɗaya take da motar da ke sauka Hawan Kibo da kaya tana dogara da birkin salansa ba. Ta farkon zan iya barin ta da shim in awo ya yarda. Ta biyun, ni dai a ganina, sabon sifirin mai ƙarfi ya fi mata, shim ya tsaya a daidaita tsayi. Kuma in bawul ɗin ya nutse fiye da kima, maganar shim ma ba ta taso ba, kai wa mai tana ya sa sabon mazauni, domin nutsewar tana rage matsin silinda, motar ta riƙa wahalar tashi da safe.

Tsohon sifirin ya gaji, shim zai farfaɗo da shi?

Ba zai yi ba. Jera shi da sabo a kan gilashi. In ya gajarce ko ya karkace, jefar.

To in sayi mafi tauri a kasuwa in huta?

Ba hutu a nan. Taurin da ya wuce kima yana cinye kamshaf da tafet, yana kuma dukan mazaunin bawul. Sayi wanda aka yi don injinka da irin aikinka, ba wanda ya shiga ramin kawai ba.

Na gwanjo fa, daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano?

Ana samun masu kyau, amma ido ba ya gane su. In ba ka da na'urar gwaji, ɗora sikeli a ƙarƙashin injin huda ƙarfe, ka danne kowanne zuwa tsayi ɗaya ka karanta. Wanda ya bambanta da 'yan'uwansa a ware shi, haka wanda tsatsa ta ci ko da ɗigo ne, daga nan yake karyewa.

Sai an sauke top silinda?

In sifirin kaɗai za a sauya, ba dole ba. Kawo fistan ɗin silindar da kake aiki a kai can sama, don bawul ya sami abin jingina. A inji mai 6 a jere, 1 da 6 tare suke hawa, 2 da 5, 3 da 4. Toshe ramukan mai da tsumma kafin ka taɓa kota, in ɗaya ta faɗa ciki ranarka ta tafi. In zobban sifirin sun fi matsuwa a gefe ɗaya, wannan gefen ne ke kallon ƙasa.

Bayan aikin ina jin ƙas-ƙas a sama. Na lalata injin?

Kwantar da hankalinka, galibi setin tafet ne ba a yi ba bayan an mayar da rokka. Bari injin ya huce sarai, a sa fila geji a auna tazarar da ke tsakanin rokka da jelar bawul. A 6BT milimita 0.25 ne na shiga, 0.51 na fita. Sauran injina a duba nasu. Kafin a tayar, a juya kiranshaf da hannu zagaye biyu. In ya cije a wani wuri, kada a taɓa makulli, a sake buɗewa a auna.