Waiwaye: Wa Ke Amincewa a Madadin Yaron da ke Hannun Hukuma?

Muhawarar da ake yi kan gwada sababbin magunguna a jikin yaran da ke gidajen marayu ko a hannun masu riƙo ta sake zafi tun watan Janairun 2021, lokacin da kwamitin bincike a ƙasar Ireland ya bayyana cewa an yi gwaje-gwajen alluran rigakafi a gidajen renon yara tsakanin 1934 da 1973 ba tare da cika ƙa'idojin neman amincewa ba. Mutane da yawa sun karɓi labarin kamar wani abu ne da ya faɗo daga sama, alhali tushensa ya kai shekara 300.

A 1722 an gwada rigakafin agana a jikin wasu marayu a Landan kafin a yi wa 'ya'yan gidan sarauta. A 1947 Ƙa'idojin Nuremberg, waɗanda suka shafi binciken likitanci a jikin ɗan Adam, suka shar'anta yardar mutum da kansa kafin a yi gwaji a jikinsa, amma ba su faɗi yadda za a yi da yaron da bai isa ba da yarda ba. Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda ita ma ƙa'idojin binciken likitanci ce, ta cike wannan giɓi da cewa waliyyi na iya amincewa a madadinsa. A daidai wannan zamani, daga 1956 zuwa farkon shekarun 1970, an riƙa sanya wa yara masu larurar ƙwaƙwalwa ƙwayar cutar ciwon hanta da gangan a wata cibiyar kula da su a Amurka.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ƙa'idar da Amurka ta kafa a 1983 kan bincike a jikin yara, wadda ta keɓe sashe na musamman ga waɗanda ke hannun hukuma. Masu tsara ta sun gane matsalar da Helsinki ta bari, wato kalmar waliyyi ta dace da uwa ko uba da za su kwana a gefen gadon ɗansu su ga zazzaɓin da magani ya tayar, amma ba ta dace da ma'aikacin da ke da takardun yara masu yawa a gabansa ba, wanda kuma za a iya sauya masa wurin aiki kafin gwajin ya ƙare. Saboda haka suka tanadi a naɗa wa kowane yaro wakili mai kare muradunsa, wanda ba shi da alaƙa da masu binciken ko da cibiyar da ke riƙon yaron.

Sai dai an ɗaure wannan tanadi da sharaɗi, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Wakilin ya zama dole ne kawai idan binciken yana da haɗarin da ya wuce wanda yaro ke fuskanta a rayuwar yau da kullum kuma ba a sa ran zai amfani yaron kai tsaye, ko kuma a wasu bincike na musamman da sai an ɗaga su zuwa matakin ƙasa. Idan aka ce akwai fatan amfani kai tsaye, ba a wajabta wakili ba. Hujjar tana da ma'ana a takarda, domin ba a so ƙa'ida ta hana marar lafiya magani. To amma kusan duk maganin da ake gwadawa a kan mai ciwo ana iya cewa akwai fatan ya amfane shi, ko da a matakin farko ne da ake neman sanin yawan da jiki zai iya ɗauka. Ta haka gwaje-gwajen da suka fi buƙatar ido na uku suka samu hanyar wucewa ba tare da shi ba.

Annobar ƙanjamau ta fito da wannan rauni fili. An amince da maganin AZT ga manya a 1987, ga yara kuwa sai 1990, don haka akwai lokacin da shiga gwaji ne babbar hanyar da yaro mai ɗauke da cutar zai samu magani, kuma hana yaran riƙo shiga shi ma zalunci ne da wasu likitoci suka yi ƙorafi a kansa. Aka buɗe musu ƙofa. A 2005 rahotannin 'yan jarida suka nuna cewa an sa yaran riƙo a irin waɗannan gwaje-gwaje a jihohi da dama, da yawansu ba tare da wakili ba.

Cibiyar Vera, wata cibiyar bincike mai zaman kanta wadda ta binciki lamarin a birnin New York, ta fitar da rahotonta a 2009. Ta ƙidaya yaran riƙo 532 da suka shiga gwaji ko nazari, 25 daga cikinsu sun rasu suna cikin gwajin magani, kuma ba ta samu shaidar cewa magungunan ne suka kashe su ba. Ta kuma ce babu takardar amincewa a fayilolin wasu yaran, sannan masu binciken cibiyar ba su samu damar duba bayanansu na asibiti ba, abin da ya sa masu kare gwaje-gwajen da masu sukarsu ke kafa hujja da rahoto ɗaya har yau.