Mece ce “bishara”, kuma aikin wa ce?

Idan yaro ya rugo gida yana haki ya ce, “Inna, albishirinki!” uwar ba ta fara tambayar abin da ya faru. Sai ta ce, “Goro!” Sannan ya faɗa mata an haihu a gidan yayarta, ko Baba ya dawo daga tafiya. Albishir da bishara saiwarsu ɗaya, daga Larabci, ma'anarsu labari mai daɗi da wani ya ɗauko ya kawo maka. Kiristoci masu jin Hausa sun riƙe kalmar domin labarin Yesu Almasihu, haihuwarsa da mutuwarsa da tashinsa, haka kuma take a Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932.

Akan haɗa ta da “mishan”, amma ba ɗaya ba ne. A bakin mutanenmu mishan wuri ne: asibitin mishan irin na Galmi a Nijar, makarantar mishan, gidan Bature mai rufin kwano a bayan gari. Bishara kuwa saƙo ce. Mai bishara shi ne wanda ya bar garinsu ya tare a ƙauyen da babu majami'a, ya koyi yarensu, ya yi noma kamar kowa, ran Lahadi ya tara mutum biyar a gindin bishiya.

Inda nake ganin muna kuskure shi ne, mun ɗauka aikin nasa ne shi kaɗai. Tarihin ma bai yarda da haka ba. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa Arewa da bishara. A cikin 1894 ciwo ya kashe biyun farko, Bingham ya koma gida. Sai a 1902 ƙungiyarsu ta mishan, wadda daga baya aka sani da SIM, ta samu wurin zama a Patigi. To, wa ya sa wa Bingham wannan nauyi tun farko? Mahaifiyar Gowans ce, wata dattijuwa a Toronto da ba ta taɓa taka ƙasar nan ba, addu'a da magana kawai ta yi. Daga baya 'yan ƙasa suka karɓi aikin. A 1948 aka kafa ƙungiyar aika masu bishara wadda yau ake kira EMS, ta ikilisiyar ECWA, kuma baikon masu bi ne ke riƙe da ita.

A Matiyu 9:37-38, da Yesu ya ce girbi ya yi yawa ma'aikata kaɗan ne, abin da ya fara umurta shi ne a roƙi Ubangijin girbin. Bulus ma ya ce wa Tasalonikawa su yi addu'a ba fasawa. Ba wai a rufe shago a kwana a durƙushe ba. Mai keken ɗinki tana iya ambaton sunan mai bishara ɗaya tana taka keke, ɗan acaɓa yana iya yi yana jiran fasinja. Kuma gara a roƙi abu takamaimai: kuɗin makarantar 'ya'yan mai bishara, matarsa mai ciki da asibiti ya yi wa nisa, hanyar da ta zama ta masu garkuwa da mutane.

Mai roƙon irin wannan, da wuya hannunsa ya daɗe a aljihu. Ranar godiyar kaka za ka ga 'yan Zumuntar Mata sun shigo a jere da anko, ana buga tulu, wannan da tiyar dawa a ka, waccan da kaza a hammata an ɗaure mata ƙafa da tsumma. Wata tsohuwa kuma sai ta kai gaban bagadi sannan ta tsaya kwance bakin zanenta, layi na jiranta, ta zaro naira ɗari biyu da ta sha ninki.